Hanyoyin Binciken Halayyar Ɗan Adam: Ƙarfinsu da Rauninsu

Cikin fannonin da a ke koya wa wanda zai zama malamin makaranta akwai guda da a ke kira ilmin halayyar ɗan Adam. Shi ne ilmin da ke bincike bisa yadda mutum ya ke gani da ji, da yadda ya ke koyo da mantuwa, da abin da ke sa shi tsoro ko fushi ko biyayya. Littattafan wannan fanni cike su ke da maganar "masana sun gano kaza". Mu kuwa mu kan haddace, mu rubuta ran jarrabawa, mu wuce. To, abin da mu ke so mu duba a nan shi ne tambayar da ya kamata ta riga haddar, watau, ta wace hanya suka gano?

Mai sayar da hatsi yana da mudu, mai sayar da farin ƙyalle yana da kamu, amma zuciyar mutum ba ta shiga mudu. Saboda haka masana suka ɓullo da hanyoyi iri iri don su kai gare ta. Kowace hanya tana da inda ta ke kai mutum, tana kuma da inda ta ke ƙarewa. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, gama mu ne za a danƙa wa 'ya'yan mutane. Malamin da ya ɗauki abin da hanya guda ta nuna ya mai da shi hukunci, yana iya kiran yaro daƙiƙi, yaron kuwa ya ɗauki sunan har tsufansa. Bari mu bi hanyoyin ɗai ɗai.

Hanya ta fari: duban kai

A cikin 1879 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar Leipzig, daga nan ne a kan lasafta mafarin wannan fanni. Cikin dabarun da aka yi aiki da su a zamanin nan akwai duban kai: a horar da mutum, sa'an nan a buga masa ƙara ko a nuna masa haske, ya faɗi abin da ya ji a ransa. Ƙarfin hanyar a fili ya ke, don mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ba mai iya gaya maka zafin haƙorin wani sai mai haƙorin.

Rauninta ya bayyana sa'ad da masu duban suka saɓa. Masanan birnin Würzburg suka ce sun duba zukatansu sun tarar akwai tunanin da ba ya tare da wata siffa. Edward Titchener, wanda ke koyarwa a Amurka, ya ce shi da almajiransa sun duba, kullum siffar tana nan. Wa zai raba gardamar? Ba alƙalin da zai leƙa zuciyar ɓangarorin biyu. Don haka a cikin 1913 John Watson ya ce a bar wannan hanya, a koma ga abin da ido ke gani mutum yana aikatawa.

Bayan haka aka gano abin da ya fi wannan. A cikin 1977 Nisbett da Wilson suka ba da labarin yadda aka jera safa huɗu a wani kanti, dukansu iri ɗaya, aka ce wa masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Ta hannun dama ta fi ta hagu samun masu so kusan ninki huɗu. Da aka tambaye su dalili, kowa ya kawo nasa, aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne, suka musa. Ashe mutum ya kan faɗi dalilin aikinsa da zuciya ɗaya, alhali kuwa ba shi ne dalilin ba.

Hanya ta biyu: lura

Wannan ita ce a zauna a sa ido ga mutane suna harkarsu, a rubuta abin da aka gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Charles Darwin ya rubuta abin da ya lura da shi ga ɗansa na fari tun yana jariri, ya buga cikin 1877. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, ya bi 'ya'yansa uku da kallo shekara da shekaru. Shi ya lura cewa jariri ɗan wata shida, in ka rufe abin wasansa da ƙyalle yana kallo, ba ya ɗaga ƙyallen ya nema. Mary Ainsworth kuma, a cikin 1954 da 1955, ta riƙa ziyartar gidaje 26 kusa da Kampala a ƙasar Uganda. Nan ta ga yadda yaro mai rarrafe kan bar uwarsa ya tafi binciken tsakar gida, in ya firgita ya komo gare ta, hankalinsa ya kwanta ya sake fita.

Amfanin lura shi ne ta kan nuna mutum cikin zamansa na kullum, ta kuma haifi tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi. Aibinta uku ne. Na ɗaya, ta kan nuna abin da ya faru, ba ta faɗin dalilinsa. Piaget ya ɗauka jaririn nan yana zaton abin da ya ɓace wa ido ya ɓace daga duniya. Amma tun daga 1985 Renée Baillargeon da abokan aikinta suka auna tsawon kallon jarirai maimakon miƙa hannunsu, suka sami alamar cewa ɗan wata biyar ma yana sane da abin da aka ɓoye. Na biyu, so hana ganin laifi, uba mai kallon ɗansa ba shaida ne mai zaman kansa ba. Na uku, wanda ya san ana kallonsa ya kan sake hali. Kowa ya san yadda aji kan natsu ran da mai duba makarantu ya zo. Maganin da a kan yi shi ne mai lura ya daɗe har a saba da shi, a kuma sa mutum biyu su rubuta, kowa dabam, sa'an nan a gwama takardunsu.

Hanya ta uku: bin labarin mutum guda

Akwai abubuwan da ba shi yiwuwa a jawo su da gangan, sai dai in tsautsayi ya kawo su a tsaya a koya. A cikin 1848 wani helima na masu gina hanyar jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, yana ɗura albarushi cikin dutse, sai ya tashi, sandan ƙarfe ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ya fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba. Likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da dā a ke yabo da natsuwa ya koma mai zage-zage, marar haƙuri. Wannan ya sa aka fara zaton gaban ƙwaƙwalwa yana da hannu cikin kamun kai.

Wani kuma, Henry Molaison, an yi masa aiki cikin 1953 don maganin farfaɗiya, aka cire wani yanki daga ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu. Daga ran nan har mutuwarsa cikin 2008 bai ƙara riƙe sabon labari yadda ya kamata ba. Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana duban hannunsa ta madubi. Kwana uku yana yi, kullum hannunsa yana ƙara gwanancewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Daga mutum ɗaya tak aka gane cewa tunawa da labari dabam ne, ƙwarewar hannu dabam.

Wannan hanya tana da zurfi, amma ba ta da faɗi. Abin da ya sami mutum guda ba lalle ne ya zama halin kowa ba. Bugu da ƙari, labari mai daɗi ya kan yi ƙiba a bakin masu faɗa. Littattafai da yawa sun mai da Gage ɗan tasha har ƙarshen ransa, alhali kuwa ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile kafin ya rasu cikin 1860. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa ga wanda ba shi da kamun kai.

Hanya ta huɗu: tambayar jama'a

In ana son faɗi, sai a tambayi mutane da yawa, ko da baki ko da takarda. Hanya ce mai araha, mai sauri, ta kan kuma kai ga abin da ido ba ya gani, kamar ra'ayi da tsoro da buri. Amma tana da ramummuka biyu masu zurfi.

Na fari, wa aka tambaya? A cikin 1936 wata mujalla ta Amurka, Literary Digest, ta aika da takardu miliyan 10 tana tambayar wa za a zaɓa shugaban ƙasa. Fiye da miliyan 2 suka komo, mujallar ta ce Landon ne zai ci. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. George Gallup kuwa, da mutum kimanin 50,000 kaɗai, ya faɗi daidai wanda zai ci. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga jerin masu tarho da masu mota, watau masu hannu da shuni, kuma waɗanda suka damu su amsa ba su yi kama da waɗanda suka yi shiru ba. Mai ɗanɗana miya cokali guda ya ishe shi in an motsa tukunya, in kuwa ba a motsa ba, ko ya sha ludayi goma daga sama bai san abin da ke ƙasa ba.

Na biyu, baki da aiki ba kullum su ke tafiya tare ba. Tsakanin 1930 da 1932 Richard LaPiere ya yi yawo cikin Amurka tare da wani mutumin Sin da matarsa, a zamanin da a ke ƙyamar mutanen Sin can. Suka shiga masauki da gidajen abinci 251, wuri ɗaya kaɗai aka kore su. Daga baya ya rubuta wa wuraren nan wasiƙa, ko za su karɓi baƙi mutanen Sin? Cikin 128 da suka amsa, fiye da tara cikin goma suka ce a'a. Mu tuna da wannan ran da muka tambayi aji, "Kun gane?" suka amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam."

Hanya ta biyar: jarrabawar basira

A cikin 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya tambayoyi 30 a Faransa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don a gane yaran da ke bukatar taimako na musamman a makaranta. Kyawun irin wannan awo shi ne kowane yaro tambaya ɗaya a ke yi masa, da ƙa'ida ɗaya, ba ruwan awon da ɗan wane ne. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauka basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa.

Ba a ji gargaɗinsa ba. A cikin 1917 da 1918 aka jarraba sojan Amurka kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin, da tambayoyin da waɗansunsu suka shafi kayan kanti da wasannin ƙasar. Baƙin da ba su daɗe da zuwa ba suka faɗi. Carl Brigham ya rubuta littafi cikin 1923 ya ce ƙabilunsu ne ba su da basira, ko da ya ke lissafin ya nuna waɗanda suka fi daɗewa a ƙasar sun fi ci. A cikin 1930 ya janye maganarsa, amma ta riga ta yi yawo.

Ga wani misali daga Afirka ta Yamma. Joseph Glick da abokan aikinsa sun ba manoman Kpelle na ƙasar Laberiya kaya 20, akwai abinci, da kayan aiki, da ƙorai da tukwane, da tufafi, suka ce su kasa su. Manoman suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi, tun da ya ke da wuƙa a ke yanka lemo. Bisa ƙa'idar jarrabawar wannan faɗuwa ce. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka tara abinci waje guda, kayan aiki waje guda, daidai yadda mai jarrabawar ya ke so tun farko. Saboda haka tambaya biyu a kan yi wa kowane awo: in an sake shi gobe, zai ba da abin da ya ba da yau? Kuma abin da a ke cewa yana aunawa, shi ya ke aunawa?

Hanya ta shida: auna dangantaka

Francis Galton cikin 1888, da Karl Pearson bayansa, sun tsara lissafin da ke nuna ko abu biyu suna hawa da sauka tare. Da shi a ke binciken abin da ba shi halatta a gwada, kamar talauci da maraici, da shi kuma a ke hangen abin da zai zo. Haɗarinsa shi ne a ga abu biyu tare a ce ɗaya ya haifi ɗaya. Lokacin da ɗanyar masara ta yawaita a kasuwa shi ne lokacin da zazzaɓi ke yawaita a gari, masara kuwa ba ta da laifi. Damina ce ta kawo masara, ita ce kuma ta kawo sauro.

Wajen 1970 Walter Mischel ya riƙa ajiye wa yara ƙanana alewa guda a makarantar renon jami'ar Stanford, a ce musu in sun yi haƙuri ba su ci ba za a ƙara musu ta biyu. Bayan shekaru aka tarar waɗanda suka fi jira sun fi ci a karatu. Labari ya bazu cewa haƙurin minti kaɗan shi ke nuna makomar yaro. A cikin 2018 Tyler Watts da abokansa suka duba yara fiye da 900 daga gidaje iri iri. Dangantakar ta fito rabin yadda aka faɗa, da aka sa halin gida da ilmin uwaye cikin lissafi kuma ta ƙara raguwa ƙwarai. Yaron da ya saba abinci yana nan gobe, jira ba ya yi masa wuya.

Hanya ta bakwai: gwaji

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace iya nuna dalili. Mai gwaji ya kan sake abu ɗaya kaɗai, ya bar sauran yadda su ke, ya raba mutane ƙungiya ƙungiya da ƙuri'a. Ƙuri'ar ita ce asirin aikin, don ita ke sa masu kaifin basira da masu nauyin kai su watsu cikin ƙungiyoyin ba da zaɓin kowa ba. Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida sosai, a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, ya bayyana ta cikin littafinsa na 1935.

Ga abin da gwaji ya nuna wanda ya shafi aikinmu. A cikin 2006 Roediger da Karpicke suka ba almajirai wani nassi. Ƙungiya ɗaya ta yi zama huɗu tana karanta shi. Wata ta yi zama ɗaya tana karatu, zama uku tana rubuta abin da ta tuna, littafi a rufe. Bayan minti biyar masu maimaita karatu suka fi, kashi 83 cikin ɗari bisa 71. Bayan mako guda al'amari ya juye, masu maimaitawa suka riƙe kashi 40, masu tunowa 61. Masu maimaitawar kuwa su ne suka fi tabbata za su tuna. Da tambayarsu aka yi, da an sami amsar da ba ita ba ce.

Raunin gwaji biyu ne. Ɗakin gwaji ba kasuwa ba ne, ba kuma gida ba, abin da mutum ya yi cikin awa guda gaban baƙo ba lalle ne ya yi shi cikin danginsa ba. Na biyu ya fi nauyi, watau haƙƙin wanda a ke gwadawa. A cikin 1961 Stanley Milgram, a jami'ar Yale, ya sa mutane su riƙa danna wa wani wutar lantarki in ya yi kuskure. Wutar ƙarya ce, su kuwa ba su sani ba. Mutum 26 cikin 40 suka bi umurni har matakin ƙarshe, waɗansu suna gumi suna makyarkyata. An koyi abu game da biyayya, amma da ruɗi da wahalar da bayin da ba su ji ba su gani ba. Yanzu ƙa'ida ita ce sai wani kwamiti ya duba shirin, a gaya wa mutum abin da zai shiga, ya yarda, a kuma bar shi ya fita duk sa'ad da ya so. In yaro ne, sai da yardar uwayensa.

Cutar da ta game hanyoyin duka

Akwai aibin da ba hanya guda ta kuɓuta daga gare shi, shi ne son ran mai binciken. A birnin Balin akwai wani doki da a ke kira Hans, wanda a ke cewa ya iya lissafi, yana buga amsa da kofato. A cikin 1904 mutum 13 suka bincika, suka ce ba su ga zamba ba. Oskar Pfungst ya zo ya yi gwaji. In mai tambaya ya san amsa, doki kuma yana ganinsa, sai ya ci kusan tara cikin goma. In an kare wa dokin ido, ko mai tambayar bai san amsar ba, sai ya rikice. Ashe mai tambaya kan ɗan ɗaga kai, ba da saninsa ba, in bugun ya kai adadi, dokin kuwa ya tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska.

A cikin 1963 Rosenthal da Fode suka raba wa almajirai ɓeraye iri ɗaya, suka ce wa waɗansu nasu masu basira ne, waɗansu kuma nasu daƙiƙai. Ɓerayen da aka yaba suka fi saurin koyon hanya. A cikin 1968 Rosenthal da Jacobson suka ba da labarin irin wannan a wata makarantar elementare ta Amurka: aka zaɓi yaro ɗaya cikin biyar da ƙuri'a, aka gaya wa malamai za su yi fice, ƙananan cikinsu kuwa suka ƙaru fiye da 'yan'uwansu. An soki wannan bincike, waɗanda suka biyo baya kuma sun tarar tasirin yana nan amma galibi kaɗan ne. Maganin cutar shi ne a ɓoye wa mai aunawa wace ƙungiya ya ke aunawa.

Sa'an nan akwai tambayar su wa aka bincika. Wani lissafi da aka buga cikin 2008, aka kuma faɗaɗa cikin 2010, ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka bincika a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki su ke, alhali ƙasashen nan kashi 12 ne kaɗai na jama'ar duniya. Da aka kai gwajin alewa ga yaran manoman Nso na ƙasar Kamaru, 'yan shekara huɗu, kusan bakwai cikin goma suka jira minti goma cif, yaran Jamus kuwa kimanin uku cikin goma. Abin da aka gani ga yaran wani gari, sai an gwada shi ga namu kafin a ce halin ɗan Adam ne.

Masu fannin da kansu sun juyo sun auna aikinsu. A cikin 2015 masana 270 suka sake bincike 100 da aka riga aka buga. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka fito fili karo na biyu, ƙarfin abin da aka gani kuma ya komo kimanin rabi. Tun daga nan da yawa sun ɗauki al'adar rubuta shirinsu da abin da su ke zato a bainar jama'a kafin su soma, don kada su gyara tambaya bayan sun ga amsa.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya karanta wannan ya ce fannin banza ne. Kowane kuskure da muka ambata, bincike ne ya tona shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: lura ta haifi tambaya, labarin mutum guda ya nuna abin da ke yiwuwa, tambayar jama'a da lissafin dangantaka su nuna yawansa, gwaji ya nemi dalilinsa. Inda hanyoyi uku ko huɗu suka haɗu bisa magana ɗaya, nan ne ya kamata mu dogara.

Saboda haka in muka ci karo da "masana sun gano", mu yi tambaya huɗu. Ta wace hanya? Mutum nawa, kuma su wane ne? Da wa aka gwama su? Wani ya sake ya sami haka? Tambayoyin nan kuma mu yi wa kanmu su ran da muka tsaya gaban allo. In za mu gwada sabuwar dabarar koyar da lissafi, mu raba aji da ƙuri'a, mu ba wani malami ya duba takardun ba tare da ya san na wace ƙungiya ba ne, mu kuma sake jarrabawa bayan mako guda. In yaro ya faɗi, kafin mu sa masa suna mu bincika ko ya gane harshen tambayar, ko ya karya kumallo, ko yana ganin allo daga inda ya ke zaune.

Iyakar abin da ya samu ke nan. Muna roƙon malamanmu da 'yan'uwa masu ƙarin bayani su aiko da shi, a buga cikin fitowa ta gaba.